Cigiyar Malam Haladu Ladan

To, ku gyara zama. Masu danne-dannen waya ku kife ta a cinya, don labarin nan ma ya shafe ta. In na kai ƙarshe akwai tambaya, kuma ba wanda zai tashi daga tabarmar nan sai ya ba ni amsa.

A wani gari cikin ƙasar Katsina an yi wani ladan mai suna Malam Haladu. Tun kafin a sa wa masallacin unguwarsu lasifika shi ke kiran salla, kuma ko da aka sa, mutane suka ce ɓarnar wuta ce kawai, muryarsa ta isa. Matarsa ta riga shi komawa ga Allah, ta bar masa 'ya'ya uku. Babban shi ne Sallau, magini ne, mutum mai tsare gida wanda ko gaisuwa sai ya auna ta kafin ya amsa. Mai bi masa Tasi'u, yana da ɗan shago a bakin kasuwa inda yake cajin waya, yana tura wa mutane waƙoƙi da bidiyo, yana kuma yi musu bincike a intanet da wata tsohuwar kwamfuta. Auta ita ce Hansatu, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida, kula da tsohon ya faɗo a kanta. A wajenta za mu fi zama, don ita ta fi kowa sanin abin da ke cikin gidan.

Tsufa ya zo wa Malam Haladu ta ka, bai zo masa ta ƙafa ba. Da farko sunayen mutane ne suka riƙa kuɓuce masa, aka ce ai shekaru ne. Sai wata rana da hantsi, rana ko tsakiya ba ta kusa ba, ya shiga masallaci ya rangaɗa kiran azahar. Masu shaguna suka fito da butoci, suka dubi rana, suka dubi juna. Liman mutumin kirki ne, bai ce masa komai ba, sai ya miƙa kiran ga wani a hankali. Amma Sallau ya ji yadda wasu samari suka kwashe da dariya a wajen mai shayi, abin ya tsaya masa a rai. Ya tara ƙannensa ya ce, “Ba za a mai da ubanmu abin dariya a garin nan ba, muddin ina da rai.” Ya mai da tsohon ɗakin ƙurya, ya sa sakata ta waje. Tagar da ke kallon titi kuwa, da hannunsa ya kwaɓa siminti ya toshe ta, ya bar ɗan rami na shan iska. Duk wanda ya zo dubiya sai a ce masa ƙafa ce ta matsa wa Malam, kuma yanzu ya samu barci.

Kada ku yi saurin zagin Sallau. Ku ma da kuke zaune nan, kowa yana da abin da ya tura ɗakin ƙurya. Mu mutane ne masu girmama rufin asiri, kuma akwai kalmar da ɗa ba ya jera ta da sunan ubansa ko a cikin zuciyarsa. A gidan, abin da ake cewa shi ne “jikin tsufa”, daga nan ba a ƙarawa.

Tasi'u bai yi musu ba, bai kuma taimaka ba. Shi dai ba zai iya ganin ubansa a haka ba, sai ya daina shiga ɗakin. Yakan tsaya daga bakin ƙofa ya ce, “Baba, ina kwana,” ya ajiye burodi da sukari, ya juya tun kafin a amsa. Daga baya ma ya mai da kwanansa shago, wai don ɓarayi.

Aka bar Hansatu da aikin. Ita ke ba shi abinci a baki, ita ke wanke rigunan da ya ɓata, ita ke goge masa gemu, ita ke juya masa hula in ya sa ta a baibai. Ita ce kuma ke jin sa yana kiran salla a cikin rufaffen ɗaki, yana gamawa ya buga ƙofa yana cewa a buɗe masa jama'a na jira. Tana son ubanta, wannan ba shakka. Amma gajiya ba ta san so ba. Wata safiya a tsakiyar damina ta dama masa kunu, ya sa hannu ya ture kwanon, kunun ya zube a kan zanen da ta wanke jiya, ya kuma fara kiran salla a fuskarta. Sai bakinta ya suɓuce. Ta ce, “Baba, ka ishe ni. Wallahi ka ishe mu duka. Ka bar mu mu huta mana.” Tsohon ya dube ta, irin kallon da ta daɗe ba ta gani a idonsa ba. Ta fita tana kuka ta shige madafa, ba ta sa sakata ba. Da ta huce ta dawo da wani kunun don ta ba shi haƙuri, sai ta tarar da ɗaki wayam. Ya ɗauki hularsa da butarsa ya fita.

Daga wannan safiya abu ɗaya ne ya rage wa Hansatu a duniya: ta ga ubanta da rai, ta durƙusa ta ce ya yafe mata. Ba ta iya cin abinci, ba ta iya haɗa ido da kowa. In ta tuna cewa zai iya mutuwa a wani wuri da waccan maganar a kunnensa, a binne shi a hannun waɗanda ba su san ko sunansa ba, sai barci ya gagare ta. Ta gaya wa yayyenta ta manta sakata. Abin da ta faɗa wa tsohon kuwa ta riƙe shi a cikinta.

Aka ba da cigiya a masallatai, aka kai gidan rediyo, Tasi'u ya sa a shafukan sada zumunta. Ga yadda suka rubuta: ana cigiyar wani dattijo kamili, Malam Haladu Ladan, dogo, mai farin gemu, sanye da farar riga da hula. Hoton da suka haɗa kuwa na wata tsohuwar Sallah ne, yana da rawani, kumatunsa a cike, idonsa a tsaye. Ba su ce komai game da kansa ba. Mutane suka yi ta addu'a, suna turawa gaba, amma ko mutum ɗaya bai ce ya ga wannan dattijo ba, don kuwa dattijon da ke cikin hoton ya daɗe da barin duniya, sai dai 'ya'yansa ba su yarda ba.

Sallau ne ya fara tashi. Ya bar ginin da yake yi wa wani Alhaji a tsakiya, bulo a jiƙe, aka ba wani aikin. Ya bi tashoshin mota ɗaya bayan ɗaya, daga na garinsu har na garuruwan da ke kewaye. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ko ashana ba, sai ga shi yana durƙusa wa direbobi da 'yan kamasho yana nuna musu hoto. Wasu su duba su girgiza kai, wasu ko dubawa ba sa yi. Ruwa ya dake shi, ya kwana a barandar masallatai, ƙusa ta huda masa ƙafa ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Bayan kwana da kwanaki Allah ya haɗa shi da wani direban babbar mota mai ɗaukar masara. Direban bai gane hoton ba, amma da ya ji an ce ladan, sai ya ce ya tuna wani tsoho mai buta da ya tsayar da shi a bakin hanya. Kun san direbobinmu ba sa wuce tsoho mai kamar malami, suna son addu'arsa. Ya ɗauke shi kyauta, tsohon ya yi ta sa masa albarka, har suka kai Mararrabar Dumawa, nan ya ce a sauke shi lokacin salla ya yi.

Sallau ya isa Mararrabar Dumawa yana ɗingishi. Wuri ne da hanyoyi suka rabu, kowace ta nufi ƙauyuka masu kasuwanni, yau ta ci nan gobe ta ci can. Ya zagaya da hotonsa, kowa ya ce bai ga wannan bawan Allah ba. Wani mai shayi ne ma ya ɗan yi tunani ya ce, “To, kwanakin baya dai akwai wani mahau...” Sallau ya katse shi ya ce, “Malam, ni dattijo nake nema.” Ya karɓe hotonsa ya yi gaba. Ya shiga ƙauyuka biyu ko uku, zazzaɓi ya kayar da shi, ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga takalmi. Haka aka ɗoro shi a mota ya dawo gida, ba shi da komai a hannu sai sunan wuri.

Tasi'u kuwa tun ranar farko ya rufe shagonsa ga masu ciniki ya zauna gaban kwamfuta. Ni ban san kan abin nan sosai ba, amma yadda aka yi mini bayani, kamar wata ƙatuwar kasuwa ce da ake zuba duk abin da mutane suka rubuta ko suka ɗauka da waya, ba a kwashewa. In kana neman abu sai ka faɗi kalmomin da kake zaton an yi amfani da su, in ka iya kuma ka faɗi wurin da aka sa shi. Kafin Sallau ya dawo, Tasi'u ba shi da wuri, sai kalmomi. Ya rubuta “cigiyar dattijo”, sai ga tsofaffin ƙasar nan kaf sun zubo masa, daga Sakkwato har Yola, kowanne da 'ya'yansa suna kuka a ƙarƙashin hotonsa. Ya bi su ɗaya ɗaya har idonsa ya yi ja, hawaye na zuba ba na kuka ba. Har hotunan gawawwakin da ba a san masu su ba ya buɗe, yana buɗewa yana runtse ido. Wanda ya kasa kallon ubansa da rai, sai ga shi yana neman fuskarsa a cikin matattu.

Da Sallau ya kawo sunan Mararrabar Dumawa, sai aikin Tasi'u ya samu ƙafa. Shi kaɗai a gidan, kai a unguwar ma, ya san yadda ake taƙaita bincike a ce abin da aka sa daga wannan yanki kawai ake so, kuma daga ranar da tsohon ya fita zuwa yau. Ya buɗe taswira ya tattara sunayen ƙauyukan da ke kewaye da mararrabar, ya haɗa su duka. Tulin nan ya ragu ya zama abin da mutum zai iya bi. Ya rubuta “dattijo”. Ya rubuta “an tsinci wani bawan Allah”. Ya rubuta “ladan”, ya rubuta “malami”, ya rubuta “tsoho ya ɓata”. Abin da ya fito masa sai hotunan biki, da farashin awaki, da taron siyasa, da wani dattijo da aka naɗa sarauta. Ya sake juya kalmomin ta kowace fuska, shiru. Ya fara tunanin ko rafi ne ya tafi da tsohon.

Ran nan da rana Hansatu ta kai masa abinci shago, don ya daina zuwa gida ci. Ta tarar da Sallau a can, ya miƙe kumburarriyar ƙafarsa a kan benci. Ta ajiye kwano ta tsaya tana kallon allon kwamfutar, sai ta ce, “Yaya Tasi'u, shi abin nan ta yaya yake gane Baba?”

Tasi'u ya ce, “Ba ya gane shi. Bai san shi ba. Abin da wanda ya gan shi ya rubuta, shi yake nemo mini. In na dace da kalmar da mutumin ya sa, ya fito. In ban dace ba, ko yana nan ba zan gan shi ba.”

Hansatu ta zauna a bakin ƙofa. Yayyenta suna neman uban da suka sani ne. Ita kuwa ta san wanda ya fita daga ɗakin. Ta san yadda yake komawa in ta yi wuni ɗaya ba ta taɓa shi ba: gemu da busasshen abinci, hula a baibai, riga ta ɓaci gaba da baya. Yanzu ga shi an shafe makonni, cikin ruwa da laka. Ta tambayi kanta, in wani saurayi mai waya, wanda bai taɓa jin sunan Malam Haladu ba, ya gan shi a tsakiyar kasuwa ya ɗora hannu a kunne da hantsi, me zai rubuta? Amsar ta zo mata nan take. Ta riga ta yi wa ubanta magana mai zafi sau ɗaya, ga ta kuma za ta ƙara da wadda ta fi ta.

Ta ce, “Yaya Tasi'u, rubuta mahaukaci.”

Sallau ya sauke ƙafarsa daga benci. Ya ce, “Me kika ce?”

Ta ce, “Yaya, ba mu ne muka gan shi ba. Waɗanda suka gan shi ba su san shi ba. Ba za su ce dattijo ba.”

“Uban naki?”

“Uban nawa.”

Tasi'u ya janye hannuwansa daga kan kwamfutar ya sa su a cinya. Ya ce, “Ni dai yatsuna ba za su iya ba, Hansatu.”

Sallau ya ce, “Ke kika bar ƙofa a buɗe, ban ce miki komai ba. Amma in kika rubuta wannan kalma a kan Baba, babu ni babu ke.”

Ta tashi ta matsa gaban kwamfutar. Ba ta taɓa taɓa irinta ba, sai da ta nemi haruffan ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda. Ta rubuta kalmar, ta ƙara da “kiran salla”. Ta dubi Tasi'u ta ce, “Ina ake dannawa?” Ya nuna mata da haɓa.

Abu na farko da ya fito bidiyo ne. An rubuta a samansa, “Mahaukacin kasuwar Dogon Marke ya kira azahar tun da hantsi,” aka jera fuskokin dariya. Ga wani tsoho nan a tsaye kan tarin buhuna, ƙafa ba takalmi, rigarsa ta koma kalar ƙasa, hannu a kunne. Fuskar ta rame har Sallau ya buɗe baki zai ce ba shi ba ne. Sai muryar ta fito. Ita kam ba abin da ya taɓa ta, tana nan yadda ta tashe su tun suna yara. A bayanta ana jin mutane na shewa, wani na cewa, “Ƙara, Malam, ka haɗa da la'asar.” Dubban mutane sun kalla. Tasi'u ya kifa kansa a kan tebur, don shi ya san sau nawa ya tura wa masu ciniki irin wannan bidiyo suna dariya tare. Sallau ya juya fuskarsa ga bango, kafaɗunsa na girgiza.

Tasi'u ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya bi maganganun da mutane suka rubuta a ƙarƙashin bidiyon, yawanci ba'a ce, yana karantawa yana haɗiyewa. Can ƙasa ya ga wata mata ta rubuta, “Ku ji tsoron Allah. Tsohon nan yana kwance a rumfar masu gishiri, ya daina tashi.” Ya aika mata saƙo, ya bi ta wasu da suka san ta har ya samo lambarta. Mai sayar da tuwo ce a kasuwar. Ta ce yana da rai, amma in za su zo su zo yau.

Suka ɗauki shatar mota su uku. Sallau ya san hanyar, shi ya riƙa nuna wa direba. Kafin Dogon Marke akwai rafi, ya cika ya hana mota wucewa, suka tsallaka da ƙafa ruwa har ƙugu. Suka same shi a bayan kasuwa a kan buhun da aka shimfiɗa, jikinsa zafi rau, numfashi na fita da ƙyar. Mai tuwon ta rufa masa tsohon zanenta. Bai gane kowa ba. Hansatu ta durƙusa ta ce, “Baba, ni ce,” ya dube ta kamar yadda ake duban mai wucewa. Sallau ya goya shi a baya, da kumburarriyar ƙafar nan ya tsallaka rafin da shi.

Likita ya duba shi ya ce sanyi ya riga ya kama huhu, su kai shi gida su kula da shi, kun dai san abin da wannan ke nufi. Wannan karon ba a kai shi ɗakin ƙurya ba. A zaure aka yi masa shimfiɗa, ƙofa a buɗe, duk unguwa ta zo ta gan shi yadda yake. Asirin da aka toshe taga dominsa ya riga ya zagaya wayoyin garin. Hansatu ba ta matsa daga gefensa ba. Kullum sai ta ce, “Baba, ka yafe mini,” shi kuwa sai ya tambaye ta ko jama'a sun taru. Ta fara fid da rai. Ga shi an same shi da rai kamar yadda ta roƙa, amma wanda zai yafe mata ba ya cikin jikin.

Sai wata safiya ya buɗe ido, idon nan tar. Waɗanda suka yi jinyar tsofaffi sun san irin wannan, kuma sun san ba alamar sauƙi ba ce. Ya kira su da sunayensu, Sallau, Tasi'u, Hansatu, bai yi kuskure ba. Suka matso suka durƙusa. Hansatu ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu.

Ya ce, “Na san ɗakin nan. Na san ƙarar sakata. Na san wanda ya toshe taga, na san wanda yake gaishe ni daga waje kamar mai kuturta, na kuma ji abin da aka ce mini a kan kwanon kunu. Kuna zaton ba na nan, ina nan. Na yi niyyar in tafi da shi duka gaban Allah.” Ya tsaya ya huta. “Amma da ina kwance a rumfar can, na yi wa Ubangijina alkawari. Na ce wanda ya nemo ni a cikinsu, na yafe masa duniya da lahira. Mutum ɗaya na ce. Sauran, Allah ya yi mana hisabi.”

Hansatu ta kama hannunsa ta ce, “Baba, wane ne a cikinmu?”

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, kamar zai faɗa. Amma hasken ya riga ya fara janyewa daga idonsa. Ya tambaya ko an zuba masa ruwa a buta. Bai sake cewa komai mai ma'ana ba, kafin la'asar ya cika.

An yi jana'iza, an yi zaman makoki, jama'a sun watse, maganar tana nan a tsakar gidan. Sun je wajen liman, ya ce musu Allah mai gafara ne, su yi ta yi wa mahaifinsu addu'a da sadaka. Suka ce sun sani, amma su tambayarsu wa tsohon yake nufi. Liman ya ce wannan kam ba ya cikin littattafan da ya karanta.

Sallau yana ganin shi ne. Ƙasar nan faɗi gare ta, kuma ba don ya taka ta da ƙafarsa ba, ya zubar da girmansa a tashoshi, ya rasa aikinsa, da ba wanda zai taɓa jin sunan Mararrabar Dumawa. Ba don wurin ba, da kalmar Hansatu ta kwaso mahaukatan ƙasa kaf, a yi ta tonawa har tsohon ya mutu a rumfa. Shi ne kuma ya goyo shi. Sai dai in ya kwanta yakan tuna mai shayin da ya katse wa magana, ya san da ya bari ya ƙarasa, da an samu tsohon tun yana tsaye da ƙafafunsa.

Tasi'u yana ganin shi ne. Sallau ya je wurin da kansa ya dawo hannu wofi, Hansatu kuwa ko inda ake dannawa ba ta sani ba. Shi ya san yadda ake haɗa wuri da kalma da rana, shi ya tattaro ƙauyukan, shi ya haƙura ya karanta zagin da aka yi wa ubansa layi bayan layi har ya kai ga matar da ta faɗi inda yake kwance. Sai dai shi ma ya san ya zauna a kan abin da ake nema kwana da kwanaki, kalma ɗaya ce tsakaninsa da shi, kuma da aka faɗa masa ita ya janye hannunsa.

Hansatu ba ta ce ita ce ba, ba ta kuma ce ba ita ba ce. Ta san wuri na hannunsu, gwaninta na hannunsu, duk da haka ba su same shi ba sai da ta yarda ta dubi ubanta da idon baƙo, ta rubuta abin da ɗa ba ya rubutawa. Ta biya da yayanta, don har yau Sallau ba ya amsa gaisuwarta. Amma ita ce ta kore shi da bakinta, ita ta bar ƙofa, kuma kalmar da ta nemo shi da ita zagi ce. Takan zauna a zauren da tsohon ya cika a ciki, ta tambayi kanta ko ana samun gafarar uba ta hanyar kiransa da wannan suna. Ta rame ta lalace, kuma ba wanda ya rage a duniya da zai iya gaya mata.

To, ga ku nan. Kada wani ya ce mini duka ukun, don tsohon da bakinsa ya ce mutum ɗaya, kuma biyu za su tashi da nauyinsa a wuyansu. Tsakanin wanda ya kawo wuri, da wanda ya iya nema, da wadda ta faɗi kalmar, wane ne ya nemo Malam Haladu, har yafiyarsa ta zama tasa?